Ku Ƙyale Tafintan Nan Ya Yi Magana

Na gaji da wannan tafintan. Duk labarin da matasanmu suka rubuta a kan zamanin Turawa, duk wasan kwaikwayon da 'yan makaranta suka shirya, na nan Tignère ne, na Garwa ne, ko wanda ake turo mana ta WhatsApp daga Kano, shi ne dai ba ya sakewa: jar dara a karkace, ƙaton tumbi, Faransanci a gurguje, yana rawar jiki a gaban kumandan, yana karɓar kajin talakawa ta bayan gida. Ɗaya gefen kuma ga jarumi da takobi, ba ya jin tsoro, ba ya jin yunwa, ba shi da tsohuwar uwa da zai bari a gida. Da mutum biyun nan ake so a gama mana tarihin shekara sittin. Haba, 'yan uwa marubuta!

Jarumai kam an yi su, kuma ba sai mun je nesa ba. Ga Galim nan kusa da mu, ga Dutsen Djim da kogunansa inda mutanen Nyem-Nyem suka ja daga da Jamusawa a ƙarƙashin sarkinsu Njomna, har yau ana yin biki a tuna da su. Wanda ya taɓa hawa dutsen nan ya leƙa bakin kogon ba zai raina su ba. To amma ko wannan labarin ya fi yadda kuke ba da shi kwana-kwana, domin tun kafin Bature ya iso suke fakewa a can saboda mayaƙan Tibati masu kamun bayi. Wannan ɓangaren ne alƙalaminku ke tsallakewa, don ba ya shiga cikin tsarin nan naku na fari da baƙi.

Jamusawa sun ci Tibati a 1899, suka ci Ngaundare da Garwa a 1901, Marwa ta bi baya a farkon 1902. Lamiɗo Zubairu, wanda Ingilishi suka kora daga Yola, ya yi ta fafatawa har aka kashe shi a 1903. Duk kun iya rubuta wannan, da ƙura da haniniyar dawaki. Ni washegari nake tambaya. An gama yaƙi, an binne matattu, gari ya waye, mutane suna nan da ransu. Wa zai yi limanci? Wa zai zauna a kujerar alƙali? Wa zai ƙirga shanu don jangali?

Ku ɗauki mai unguwa guda a zamanin Faransawa. Dogari ya tsaya masa a ƙofar zaure da sassafe, ya ce kumandan na son mutum goma na aikin hanya kafin azahar. Tara sun samu. Na goma ko dai ɗan bazawarar nan da ba ta da kowa sai shi, ko ƙanin uwargidansa. In ya ƙi kawo kowa, a tuɓe shi a ɗora wanda ba ya tausayi, ko a ɗaure shi ba shari'a, domin dokar Faransawa ta ba kumandan wannan ikon, kuma ita da aikin dole ba a soke su ba sai 1946. Uwargida tana bayan zana tana jin komai. Da yamma kuma sahu ɗaya zai tsaya da dangin wanda ya miƙa. Wannan mutumin littafi ne sukutum, amma ku layi biyu kuke ba shi, ku kira shi karen Bature, ku wuce.

Mu Hausawan ƙasar nan ma ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da wannan zagin. Kakanninmu fatake ne, su suka san hanyoyin Banyo da Tibati da Ngaundare, su suka iya harsuna. Daga cikinsu aka samu jagorori da tafintoci, kuma akwai Hausawa a cikin sojan Jamus. Wanda kuke sa yara su yi wa dariya a dandali, wataƙila kakan mai rubutun ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutanen wancan zamanin ba su ɓoye damuwarsu ba. Da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya shawarci malamai, ya komo gari ya zauna da Nasara don kada a bar jama'a ba jagora, sannan ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa, abin yana ci masa rai. Duka biyun musulmi ne masu tsoron Allah. A nan gida ma, a 1907 da Goni Waday ya tashi a yankin Garwa, Mal Alhaji kuma a wajen Marwa, suna kiran jihadi, wasu shugabannin Fulani sun bi su, wasu lamiɗai sun tsaya bayan Jamus. Me kowannensu ya gaya wa kansa da ya kwanta da dare? Tambayar marubuci ke nan. Mai tarihi yana iya tsayawa a kan shekara da suna, ku ba ku da wannan uzurin.

Ku sake karanta Ganɗoki na Bello Kagara, cikin littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya. Jarumin ya yaƙi Nasara da farko, ya ɓace ƙasar aljannu, ya dawo yana yaba zaman lafiyar da suka kawo. Wasu na cewa marubucin ya yi fadanci. Ni ina ganin malami ne da ke ƙaunar mazan jiya, yana kuma aiki a makarantar Bature, littafinsa zai bi ta hannun Bature kafin a buga. Matsin da yake ciki yana nan a jikin labarin ga mai ido.

Dole in sara wa mutanen kudancin Kamaru, ko da raina bai so ba, don sun riga mu. Tun 1956 Ferdinand Oyono ya ba mu Toundi, boyin kumandan da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ya kuma ba mu tsoho Meka, wanda ya ba da gonarsa, 'ya'yansa biyu suka mutu a yaƙin Faransa, aka saka masa da lambar girma yana tsaye cikin rana. Amadu Hampate Ba na Mali ya rubuta Wangrin a 1973, tafinta ne, mayaudari ne, mai kyauta ne, yana cutar Bature yana cutar na gida, ka rasa ko ka so shi ko ka ƙi shi. Na yarda, an yi tafintoci azzalumai, kuma yara na bukatar jarumai. Amma azzalumin ma ku bar shi ya buɗe baki mu ji dalilinsa.

Kada wani ya ce mini arewa ba ta da masu iyawa. Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ce, ta ɗauki haƙurin da ake ɗora wa mata a gidan aure ta nuna yadda uwa da goggo ke danne yarinya alhali suna sonta, har littafin da ta rubuta a kai ya ci kyauta a Faransa a 2020. Irin wannan idon nake so a juya wa fadar lamiɗo a zamanin Faransawa, lokacin da hukuma ta kau da kai daga bayin da ke cikin gidajen sarauta don ta ci gaba da samun haraji cikin sauƙi. Baiwar da ke gidan, wa take ɗauka azzaluminta, kumandan ko ubangijinta? Na san dalilin da ya sa ake jin nauyin taɓa wannan. Jikokin kowa suna nan, muna cin kasuwa ɗaya.

Marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa, ya ƙare rayuwarsa yana bin lamiɗai da tsofaffi yana tattara tarihin baka. Abin da ya tara yana nan a rubuce. Waɗanda suka ga aikin dole da idonsu kuwa sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu sun ji daga bakinsu. Ku je ku durƙusa ku gaishe su. Kada ku tsaya a kan wa ya yi yaƙi. Ku ce, Baba, wa ya ba da sunan mahaifinku aka tafi da shi aikin hanya, kuma da ya dawo, sun ci gaba da gaisawa?