Rumbun Manhaja da Ba Shi da Dillali

Duk wanda ya taɓa shiga karar Potiskum ranar Laraba ya san ba a sayen sa da ido kaɗai. Mai saye yakan zagaya shi, ya danna tozo, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora don ya san shekarunsa. Sannan ya juya ga dillali ya tambayi daga inda aka kawo shi, da wanda zai tsaya idan magana ta taso bayan an sallama. La'adar da ake biya kuɗin wannan tsayawar ce.

Akwai wata kasuwar da matasanmu masu koyon rubuta manhaja ke shiga kullum, irin ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin nan. A yau ba a gina manhaja daga tushe. Harhaɗa ta ake yi da gutsattsarin da wasu suka rubuta suka zuba a rumbuna a intanet. Masu aiki da Python suna da PyPI tun 2003, masu JavaScript kuma suna da npm tun 2010, wanda kayan cikinsa suka haura miliyan 2. Kaya kam ga su nan jingim, kuma kyauta. Abin da ke damuna shi ne ƙofar shiga.

Ƙofar akwatin bincike ce guda ɗaya, fara fat, tana jiran ka rubuta suna. Wanda ya san sunan abin da yake nema ya huta. Wanda ya san buƙatarsa kawai, a ce yana son abin da zai lissafa masa kwanan watan Hijira, sai a zubo masa jerin sunaye masu kama da juna, kowanne da bayanin layi ɗaya da Turanci. A npm, alamar da aka fi haskawa ita ce yawan waɗanda suka sauke. To, cincirindo a kan sa ba ya nuna lafiyarsa. Haƙoran gutsuren manhaja su ne ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe, da yawan masu kula da shi, da sauran gutsattsarin da zai jawo a bayansa. Su ya kamata a gani tun a jerin farko, amma ban da ranar gyaran, sauran sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya kana tonowa, datarka tana zuba.

Ba ƙaramar magana ba ce. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya janye kayansa daga npm, ciki har da left-pad mai layi 11 kacal. Nan take ayyuka dubbai suka tsaya, har da manya irin su Babel, kuma da yawa daga masu ayyukan ba su ma san sun dogara da shi ba. Akwai kuma mazambata masu saka kaya da suna kusan iri ɗaya da na gaske, harafi ɗaya ne bambancin, suna jiran yatsan wani ya zame.

Debian, tsarin sarrafa kwamfuta da Ian Murdock ya kafa a 1993, ya fi kusa da tsarin kara. Kowane ƙunshin manhaja a rumbunsa yana da mai kula da shi da aka rubuta sunansa, kamar fatoma da baƙonsa. Kafin a sauke maka ƙunshin da ke jawo wasu, apt, mai sauke kayan Debian, zai lissafa abin da zai biyo baya, ya faɗi megabait nawa ne, ya jira ka amince. Ga mai sayen data ta ɗari biyar, wannan tambayar mutuntawa ce.

Na fi ganin gwanintar ma a wajen masu tura manhaja da waƙoƙi a waya a gefen tasha. Dattijo zai miƙa wayarsa ya ce a sa masa abin yin magana da ɗansa da ke Legas. Yaron ba zai nemi ya faɗi sunan manhaja ba. Zai juya wayar ya duba, ya ce: "Baba, wurin ajiyarta ya kusa cika, ƙaramar zan sa muku, ba ta cin data." Ya tura ta Xender, ya buɗe a gabansa, ya nuna masa inda zai danna. Idan ta ƙi aiki gobe, dattijon ya san teburin da zai koma.