Rubutun Kano a Hannu da a Na'ura

A shekarar 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da wasu haruffan kwamfuta waɗanda ta raɗa wa suna Alkalami. Becca Hirsbrunner Spalinger ce ta zana su, ta kwaikwayo su daga rubutun Kano, watau wannan kakkauran rubutu da ake gani a littattafan da ake sayarwa a kasuwar Kurmi, wanda kuma ake koyar da almajirai a tsangayun ƙasar Rano da Kibiya. Abin tambaya shi ne ko na'ura ta kamo abin da hannu ke yi.

Lalle ta kamo kaurin. Alarammomi ba don ado kaɗai suke fere alƙalamin gamba da faffaɗan baki ba. Yaron da ke biya allonsa da dare a gefen wuta yana bukatar baƙi mai jiki, wanda hayaƙi da ƙarancin haske ba za su ɓatar masa ba. Wannan kauri kuma ya yi rana sa'ad da aka shiga ɗaukar hoton rubutun hannu ana bugawa a maɗaba'a, gama siririn layi kan ɓace a bugu, kakkaura kuwa ya fito sarai. Ta haka rubutun Sharif Bala na Gabari ya shiga gidaje masu yawa. Alkalami ya riƙe wannan nauyi, ya kuma ba da damar rubuta fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama, bisa al'adar masu karatun Warshu. Wannan abin yabo ne, domin haruffan Gabas sun daɗe suna sa wa ajaminmu rigar aro.

Amma fa akwai inda ya gaza. Mai rubutu ba ya yin harafi sau biyu iri ɗaya. In ya hango ƙarshen layi yakan ja kaf ko nun ya shimfiɗa su, in wuri ya ƙure ya matse, ya ɗora wani harafi bisa wani. Tawada takan yi duhu inda aka tsoma alƙalami, ta yi haske kafin a sake tsomawa, mai hadda kuwa da irin waɗannan alamu idonsa ke gane shafi. A na'ura kowace ba ƙanwar 'yar'uwarta ce, shafi duk ya zama ɗaya. Ga kuma launi: jan wasali da rawayar hamza su ke sassauta nauyin baƙi a rubutun hannu. In aka buga kome da baƙi wuluk, shafi mai tsawo sai ya gajiyar da ido.

Saboda haka wurin da Alkalami ya fi dacewa shi ne kan littafi, da allon makaranta, da sanarwar da za a manna a ranar kasuwa, inda ake so a karanta daga nesa.