Kalmomin Kano a Bakin Rediyon Garwa

Akwai wani irin rubutu da ba wanda ya taɓa ɗaukarsa ya auna a nan Garwa, alhali ya fi duk littattafanmu masu saurare. Ina nufin rahoton zaman kasafi, ɗan labarin nan da ba ya kai minti guda, wanda muke karantawa a rediyo duk ƙarshen shekara. Na daɗe ina rubuta shi da hannuna, ina karanta shi da bakina, saboda haka idan na soke shi kaina na fara soka. Kusan kullum ga yadda yake fita:

"Majalisar dokokin jihar Arewa ta kammala zamanta yau a Garwa, inda ta amince da kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Gwamna ya halarci bikin rufewa. An bayyana cewa kasafin zai mayar da hankali kan ilimi da lafiya da hanyoyi."

Hausar ba ta da laifi, tana da santsi, kuma duk wanda ya tashi da BBC da Muryar Amurka da Rediyon Kaduna a kunne zai ji ta daidai. To matsalar ke nan. Tufar aro ce, an ɗinka ta ne a jikin wani, mu kuma muka zura ta ba mu duba tsawon hannu ba.

Mu ɗauki "majalisar dokoki". A Kano akwai majalisa mai kujeru 40, a Yola da ke nan kusa da mu akwai mai kujeru 25. Jama'a ne ke zaɓensu da ƙuri'a, suna karɓar ƙudiri, su yi masa karatu na ɗaya da na biyu da na uku, ya zama dokar jiha. Suna iya tsige gwamna ma. Abin da ke zama a Garwa daban ne. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ne ya ambace shi, amma sai ranar 6 ga Disamba 2020 aka yi zaɓensa na farko, wato bayan shekara 24 ana jira. Wakilai 90 ne. Saba'in daga cikinsu kansilolin ƙananan hukumomi ne suka zaɓe su daga sassan nan huɗu, Benuwe da Mayo Luti da Faro da Mayo Rey, ashirin kuma wakilan sarakuna ne, sarakuna suka zaɓa. Mai sayar da goro a babbar kasuwa bai jefa wa ko ɗaya daga cikinsu ƙuri'a ba. Kuma ba su da ikon yin doka ko da ta layi ɗaya. Abin da suke yi shi ne yanke shawara kan ayyukan da gwamnatin tsakiya ta miƙa musu, irin su ajujuwan makarantun sakandare, da wasu asibitoci, da wasu hanyoyi. Doka kam Yawunde ake yin ta.

Haka "jiha" da "gwamna". A kunnen Bahaushe gwamna mutum ne da ya yi yawon neman ƙuri'a, wanda za a iya kayar da shi bayan shekara huɗu. Namu shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, shi ne wakilin gwamnatin tsakiya, kuma kasafin da majalisar yankin ta zartar ba ya aiki sai ya amince da shi. Ke nan jimlar nan ta biyu, "gwamna ya halarci bikin rufewa", ta mayar da mai sa hannu ya zama baƙon biki. A Kano gwamna ne ke kai kasafinsa gaban majalisa yana jiran amincewarta. A Garwa majalisa ce ke aika nata ofishin gwamna tana jira. Kalmomi iri ɗaya, kibiya ta juya baya, mu kuma ba mu taɓa gaya wa mai saurare ba.

Wani zai ce ai wannan ƙwaƙule-ƙwaƙulen masu nahawu ne. Ni ma haka na ɗauka har farkon 2023, lokacin da kuɗin tambur ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500. Duk wanda ya san Kamaru ya san ba takardar da ke motsi ba tambur, daga shaidar zama ɗan ƙasa har takardun jarrabawa. Wani dattijo ya kira shirina na safe, muryarsa na rawa don haushi, ya ce: "Ɗana, wannan majalisar dokoki da kuke ta faɗa mana tana zama a nan Garwa, har da sarakuna a ciki, ba ta ga abin da aka yi mana ba ne? Me ya hana ta soke shi?" Na ce masa, "Baba, ba ta da wannan ikon." Ya ce, "To dokar me take yi?" Na yi shiru har mai haɗa sauti ya ɗago kai ya dube ni. Dattijon bai yi kuskure ba, abin da na koya masa shekara biyu shi ya maimaita mini. Ƙarin nan yana cikin dokar kasafin ƙasa ta 2023, wadda majalisar dokoki ta ƙasa da majalisar dattawa suka zartar a ƙarshen 2022, kuma yankinmu yana da 'yan majalisa 12 a ta farko da sanatoci 10 a ta biyu. Su ya kamata ya tambaya. Mu muka nuna masa ƙofar da ba ita ba.

Kuma ba mu kyauta wa su wakilan yankin ba. Mun ɗora musu sunan da ya fi ƙarfinsu, jama'a na zaginsu kan abin da ba ya hannunsu, abin da ke hannunsu kuwa ba mai tambaya.

Sai kalmar "amince". Wannan ita ce kalmar da ta fi kowace lalaci a rahotanninmu, don tana rufe duk abin da ya faru kafin a ɗaga hannu. Dokar 11 ga Yuli 2018 kan tsarin kuɗin gwamnati ta ce a kai daftarin kasafin ƙasa gaban majalisa aƙalla kwana 15 kafin buɗe zaman kasafi. Zaman nan na Nuwamba ne, kuma kwana 30 kawai yake yi, kamar na Maris da na Yuni. Amma sau da yawa daftarin ba ya isa sai zaman ya yi nisa, a ƙarshen Nuwamba ko ma farkon Disamba. Daga nan ministoci su yi ta shiga gaban kwamitin kuɗi ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare, cikin 'yan kwanaki a gama. Kasafin 2025 ya kai sefa miliyar 7,317, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira biliyan. Kundi mai ɗaruruwan shafuka, kuɗi mai wannan yawa, a karance shi cikin mako guda ko makamancin haka. Ranar da daftarin ya iso ita ce labari, ita ce ke nuna ko an yi nazari ko an yi sallama ne kawai. Ban taɓa jin ta a labaran Hausa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Haka muke cewa "'yan majalisa sun zartar da doka", kamar su suka haife ta. Tsarin mulki ya ba ɗan majalisa damar kawo ƙudiri nasa, gaskiya ne, sai dai ya kuma ce ba za a karɓi wanda zai rage kuɗin shiga ko ya ƙara kashewa ba sai an nuna inda za a cike gurbin, sannan ƙudirorin gwamnati ne ke gaba a jerin aiki. Sakamakon shi ne dokokin da ke fitowa daga zauren nan daga gwamnati suke zuwa. Wanda yake son ya bi sawun ƙudiri a Kamaru, idan ya tsaya jiran karatu na ɗaya da na biyu irin na Kano zai kwana a tasha. Ƙudirin da bai fito daga hannun gwamnati ba, bai fara tafiya ba tukuna. Dokar iyali ce babban misali: tun shekarun 1990 ake maganar daftarinta, ga aure da saki da gado duk a ciki, abubuwan da ba gidan da ba su shafa ba a Arewa, amma ba ta kai gaban majalisa ba. Rahotonmu ba shi da gurbin abin da bai faru ba, saboda haka ba ta taɓa shiga labarai.

Abin da ya faru ma yakan wuce mu. Ranar 23 ga Disamba 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokoki da yawa, biyu daga ciki kamar don mu aka yi su. Ɗaya ta sake tsarin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, a yankin da yara da dama ke kaiwa ajin ƙarshe na firamare ba su da takardar haihuwar da za su zauna jarrabawa da ita. Ɗayar ta sake fasalin harajin ƙananan hukumomi da yankuna, ta maye gurbin harajin nan da ƙananan 'yan kasuwa suka saba biya, impôt libératoire, da wani sabo. Masu tebur da masu shago ne za su biya. Mun ba da labarin a jimla guda, cewa majalisa ta amince da wasu ƙudirori, muka wuce zuwa wasanni.

Ban manta da uzurinmu ba, kuma uzuri ne na gaske. Labarin yakan iso mana da Faransanci, saura minti goma a shiga ɗakin watsawa. Lokacin Hausa kaɗan ne, muna raba shi da Fulatanci da sauran harsuna. Mai fassara ba ya ganin kundin kasafi, takardar sanarwa kawai yake gani. A irin wannan gaggawa hannu yakan kai ga kalmar da ta fi kusa, kuma kalmomin siyasa na Hausa a Kaduna da Kano aka ƙera su, don tsarin tarayya. Ba laifin Kanawa ba ne da suka yi wa gidansu ƙofa daidai da shi. A makarantar koyon aikin jarida kuwa an koya mana wa, me, yaushe, ina, da Faransanci, ba wanda ya zauna da mu ya ce ga yadda za ku faɗi wannan hukuma da harshen uwarku.

Jimla ta uku ita ce ta fi ba ni kunya, "ilimi da lafiya da hanyoyi". Ba kasafin da aka taɓa yi a duniya da ba za a iya faɗin haka a kansa ba. Ga abin da ya kamata ya zauna a wurinta. Dokar 24 ga Disamba 2019 ta ce kason da gwamnati za ta ware wa ƙananan hukumomi da yankuna kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarta, kuma har yau ana jayayya kan yadda ake lissafa wannan kaso. A shekarun farko abin da aka ba kowane yanki shi ne miliyar 3, goma ɗin duka miliyar 30, a lokacin da kasafin ƙasa ya haura miliyar 6,000. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kuma raba daidai aka yi, Arewa Mai Nisa da ɗimbin jama'arta ta samu abin da Kudu mai 'yan mutane ta samu. Da mai saurare ya ji wannan, da ya san iyakar abin da zai sa rai, ya daina jiran majalisar yanki ta gyara masa hanyar Garwa zuwa Ngaundere, wadda hanyar ƙasa ce. Da kuma ya fara tambayar da ta dace: to miliyar ukun, ajujuwa nawa ta gina, a wane gari?

Amsar wannan tana cikin wata takarda da ba mu taɓa yi wa rahoto ba. Kasafi alkawari ne. A shekarar da ke biye shugaban majalisar yanki, haka ma kowane magajin gari, yana gabatar da lissafin abin da aka karɓa da abin da aka kashe a zahiri, wakilai su duba su kaɗa ƙuri'a. Ranar alkawari muna cika zaure da makirufo, ranar lissafi ba kowa. Akwai kuma Journal des projets, jerin ayyukan gwamnati da ma'aikatar tsare-tsare ke fitarwa duk farkon shekara, gari gari, da kuɗin kowane aiki a gabansa. Shafi guda na wannan jeri, a karanta shi da Hausa a hankali, rijiya kaza a ƙauye kaza kuɗi kaza, ya fi rahoton biki goma amfani, don mutanen ƙauyen sun san ko an haƙa rijiyar.

Sashe na 40 na dokar 2019 ɗin nan ya ba duk mazaunin wuri ko mai biyan haraji a cikinsa damar neman kwafin kasafi da lissafi da bayanan zama, in dai zai biya kuɗin kwafin. Na gwada a wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba. Zuwa na farko aka ce mai makulli ya fita. Na biyu aka tambaye ni wa ya aiko ni. Na uku na tafi da sashen a rubuce a takarda, wani ma'aikaci mai kirki ya karanta, ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin wanda ya nema ba, ya ɗauko mini.

Yanzu a shirina na daina cewa majalisar dokokin jiha. Ina cewa majalisar yankin Arewa, in ƙara da cewa ita ce mai tsara ayyukan yanki, ba ta yin doka. Yana cin daƙiƙa biyar, kuma editana ya ce jimlar ta yi nauyi a baki. Wani abokin aiki ya ba da shawarar "majalisar shawara ta yanki", wani ya ce "shawara" ta rage mata daraja tunda tana zartar da kasafi, kuma yana da gaskiya. Ba mu daidaita ba tukuna. Dattijon nan ya sake kira bayan na karanta shafuka biyu na lissafin ƙaramar hukumar, bai tsaya gaisuwa ba, ya ce rumfunan kasuwar da na ce an biya kuɗinsu ya wuce ta wurin jiya, in zo da rakoda mu ƙirga tare ranar kasuwa.