Wa ya ce saƙa wa 'yar tsana riga aikin banza ne?

Tun da Labubu, 'yar tsanar nan mai haƙora cako-cako ta kamfanin Pop Mart na China, ta karaɗe duniya a 2025, masu kwarashi suka samu abin yi. Huluna, 'yan riguna, har da jakar ratayawa, ga su nan birjik a TikTok da Instagram. Wasu na ta tsaki, wai manya da hankalinsu sun zauna suna yi wa abin wasa sutura. Ni dai ba na cikin masu tsakin.

Duk wadda ta taɓa saƙa wa jariri kayan sanyi ta san babban aiki yana rufa asiri. A kuskure ƙulli ɗaya a tsakiyar shawul, babu mai lura ranar suna. Rigar 'yar tsana irin Barbie fa? Ita kanta tsayinta bai kai santimita 30 ba, hannun rigarta ko ƙaramin yatsa da ƙyar yake shiga. Zare ya ɗan yi kauri, sai riga ta sandare kamar kwali. Dole a koma siririn zare da ƙaramin kwarashi, a ƙirga, a warware, a sake. Wuya, hammata, inda ake ragewa da inda ake ƙarawa, duk wahalar rigar babba tana nan, sai dai a yini guda ake ganin sakamako, kuma da guntayen ulun da suka yi saura. Da tsadar zaren yanzu, mai koyo ba ta da makarantar da ta fi wannan araha.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. 'Yan mata sun daɗe suna ɗaura wa 'yar tsanar ƙashi ko ta kara ƙyalle, a yi mata ado, har a sha bikinta.

Ƙorafina ɗaya ne, kwaikwayo ya yi yawa. Yawancin bidiyon da ake koyo da su daga ƙasashen ƙanƙara suke, sai ka ga 'yar tsana a Kano, cikin zafin Afrilu, an naɗe ta da suwaita har wuya. Haneefah Adam, 'yar Ilorin, ta buɗe shafin Hijarbie tana yi wa Barbie hijabi da doguwar riga, duniya ta waiwayo ta a 2016, tun kafin Mattel, kamfanin da ke yin Barbie, ya sanar da tasa mai hijabi a 2017. Amma nata ɗinki ne. Daga masu kwarashi, zani da ɗankwali nake jira, ko 'yar farar hular nan ta saƙa da dattawa ke sawa a ƙarƙashin rawani.