Shingen gaggawa da ke cinye dazukan Turai

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Jamus ko Ingila zai ga gida bayan gida an kewaye su da wani tsiro mai faffaɗan ganye, kore shar, yana sheƙi. Sunansa ceri lorel, masana kuma suna kiransa Prunus laurocerasus. Asalinsa yankin Bahar Aswad ne, wato arewacin Turkiyya da Kaukasus da Balkan, kuma tun ƙarni na 16 aka kai shi yammacin Turai don ado.

Ban ga laifin mai son suturta gidansa ba. Kowa yana son ya zauna da iyalinsa ba tare da idon mai wucewa a kansa ba, kuma tsiron nan yana biyan wannan buƙata. Ba ya zubar da ganye ko a tsakiyar hunturu, yana jure inuwa, ga arha, ga saurin girma, don yakan ƙara santimita 30 zuwa 60 a shekara. Kafin a ankara maƙwabci ya daina hango tsakar gida.

Damuwata ita ce ba ya tsayawa inda aka dasa shi. Idan ya yi fure ya yi 'ya'ya, tsuntsaye su ci, su je su kasayar da irin a daji. Can kuma sai ya tsiro ya yi duhuwa, ya tare hasken rana, ta yadda ƙananan furanni da 'ya'yan itatuwan asalin wurin ba sa samun damar ɗagowa. Dajin da ba ya da ƙananan itatuwa masu tasowa, ai ranar da manyan suka faɗi shi ke nan. A Ayalan da Birtaniya ana kashe kuɗi da ƙarfi wajen sare shi daga dazuka, yana kuma sake tohowa daga kututture. Wani abin takaicin, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri, shi ya sa wasu masu gidaje idan sun yi masa aski sai su kwashe rassan su jibge a bakin daji, rassan kuwa su kama ƙasa.

Ga kuma guba. Ganyen da ƙwallon suna ɗauke da sinadarin da ke sakin sayanaid, dangin gubar da ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci. Tumaki da shanu kan mutu idan suka ci ganyen da aka watsar.

Saboda haka ina goyon bayan matakin Suwizalan, wadda daga 1 ga Satumba, 2024 ta haramta sayar da shi, da shigo da shi, har da bayar da shi kyauta. Ba ta tilasta wa kowa tuge wanda ya riga ya dasa ba, kuma a ganina an yi adalci. Masu kare tsiron suna cewa ƙudan zuma na shan furensa, tsuntsaye na yin sheƙa a cikinsa, mutanen Tirabzon da ke arewacin Turkiyya ma cin nunannun 'ya'yansa suke yi, suna kiransa karayemiş. Gaskiya ne. Sai dai a Tirabzon gida yake, cikin halittun da suka saba da shi tun fil azal.

Wanda ke da shi, ya yanke furannin da zarar sun bushe, kafin su zama 'ya'ya, ya kai rassan inda hukuma ta tanada. Wanda kuma zai dasa sabon shinge, har da 'yan'uwanmu mazauna Turai, ya duba itatuwan ƙasar: akwai holi mai ƙaya, shi ma kore yake duk shekara, akwai honbim da ke riƙe busasshen ganyensa har ƙarshen hunturu. Ba su kai shi sauri ba, amma don Allah a yi haƙurin 'yan shekarun nan, a bar wa dajin lafiyarsa.