Hikaya da Haƙiƙa a Labarin Matan Yammacin Amurka

Tun daga shekarar 1860, lokacin da maɗaba'un birnin New York suka fara fitar da ƙananan littattafan hikaya masu arha, aka sami wani fanni na adabi wanda ya mai da matan da suka zauna a bakin iyakar yammacin Amurka abin kallo, sharaɗin shiga cikinsa kuwa, ga wanda ya dube shi da idon basira, bai wuce mace ta sa wando, ta hau doki, ta iya harbi ba. Da wannan mizani ne Edward Wheeler ya tsoma Martha Canary, mai laƙabin Calamity Jane, cikin hikayoyinsa na Deadwood Dick a 1877, ya jingina mata jaruntakar da ba ta da isnadi, alhali tana raye tana fama da talauci da shan giya. Ita ma daga baya ta riƙa ƙara wa labarinta gishiri, tana sayar da shi don abin sawa a baka, har ajali ya riske ta a 1903. Finafinan kaboyi da aka riƙa nunawa a gidajen siliman ƙasar Hausa a da daga wannan tushe suka tsiro.

Ƙarin gishiri ɗabi'ar mai hikaya ce ko'ina, ban kuma ga laifinsa sosai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne matan da ruwayarsu ta inganta, takardun hukuma suka yi musu shaida, amma marubutan suka kau da kai daga gare su. Akwai Esther Morris, wadda aka naɗa alƙaliya a yankin Wyoming a 1870, da Susan La Flesche, 'yar ƙabilar Omaha da aka ƙwace wa mafi yawan ƙasarsu, wadda ta zama likita a 1889 ta koma tana jinyar mutanenta.

Sai dai wadda ta fi tsaya mini a zuciya ita ce Biddy Mason, baiwar da ta tako da ƙafa daga Misisifi zuwa Utah a 1848, tana bayan ayari cikin ƙurar kekunan shanu, tana kora dabbobin ubangidanta, ga 'ya'ya mata uku, ƙaramarsu jaririya. Da aka kai ta Kalifoniya, inda doka ta haramta bauta, ubangidan ya ƙulla niyyar ƙaura da su Texas, sai magana ta kai gaban alƙali Benjamin Hayes a 1856. Da yake shari'ar Kalifoniya a lokacin ba ta karɓar shaidar baƙar fata a kan Bature, alƙalin ya saurare ta a keɓe cikin ɗakinsa, sa'an nan ya yanke hukuncin 'yancinta. Ta kama aikin ungozoma a Los Anjalis, ta yi ta tara kuɗi da haƙuri har ta sayi fili kan dala 250 a 1866, ta arzuta, ta ciyar da miskinai, ta ziyarci fursunoni. Wallahi wannan ƙissa ta ishi kowane marubuci, amma da yake babu bindiga a cikinta, masu littattafan arha ba su ɗauke ta ba.

Ta rasu a 1891, kabarinta kuwa bai sami dutsen da ke ɗauke da sunanta ba sai a 1988.