Hunturu ma yana shiga kwata

Idan an zo batun tace gurɓataccen ruwa, akwai maganar da za ka yawaita ji, har a bakin masu ilimi: wai sanyi matsalar Turai ce, mu nan rana ta ishe mu, kuma ko an yi sanyin ai bakteriya suna sabawa. Rabin maganar gaskiya ne, sauran rabin kuwa ganganci ne.

Tabbas suna sabawa. Ka duba man shanu da man gyaɗa da safiyar hunturu: ɗaya ya daskare, ɗaya yana nan ruwa-ruwa. Fatar bakteriya ma da maiƙo aka gina ta. Da sanyi ya sauka, sai ta ƙara irin maiƙon da ba ya saurin daskarewa, don abinci ya ci gaba da shiga. Michael Sinensky ya nuna haka a kan E. coli tun 1974.

To amma sabo daban, sauri daban. A ƙiyasi, duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10, aikin cinye ƙazanta yakan ragu da kusan rabi. Nitrosomonas, masu sarrafa amoniyar fitsari, sukan yi sanyin jiki ƙasa da digiri 15, kuma daren Disamba da Janairu a Kano yakan kai haka. Ruwa ba ya saurin hucewa kamar iska, amma buɗaɗɗiyar kwata da kududdufi marar zurfi suna bin yanayi. Ga wani tashin hankalin: ƙwayoyin cutar da ke cikin bahaya sun fi daɗewa a raye cikin sanyi. Shi ya sa injiniyoyi ke auna girman tafkin tace ruwa da watan da ya fi kowane sanyi a shekara.

Yanzu ka dawo Gwale. Yawancin kwatar cikin birni Jakara take gangarawa, kuma da wannan ruwan ake ban ruwan latas da karas. Lokacin hunturu babu ruwan sama da zai sirka ta, masu tacewa sun rage aiki, ga lambu ya kankama.

Saboda haka duk wanda ya kawo maka sakamakon gwajin ruwa, ko zanen wurin tacewa, tambaye shi: a wane wata ka ɗebi ruwan? In a Afrilu ne kawai, ya koma a Janairu.